Daga Inda Silimar Lucero Take a Da

Daga inda silimar Lucero take a da, layi biyu wajen tafki, rabin layi gabas, gida mai mangwaro a ƙofa. Adireshin Yahoska ke nan, kuma a shekara ashirin da bakwai da ta yi a duniya ba ta taɓa jin baƙon da ya ɓata a hanyar gidan ba. Silimar ta rushe ne a girgizar ƙasar da ta kwantar da Managua, babban birnin ƙasarsu, tun mahaifiyarta tana goye. Yanzu fili ne da ake wankin mota. Amma tsayar da kowa a titi, ko ɗan jiya ne, zai nuna maka inda take a da, da leɓe ma, ba sai ya ɗaga hannu ba.

Shekara shida Yahoska tana aiki a kamfanin kai kaya na Chocoyo, waya a maƙale a kafaɗa, biro a soke cikin gashi. Direba zai bugo ya ce ga shi tsaye a inda gidan mai yake a da, ita kuma ta ce masa ba wannan ba, wancan da ya ƙone, ya juya. Kaya suna isa. Wani lokaci a makare, wani lokaci da ɗan lotsawa a gefe, amma suna isa.

Sai Injiniya Bayardo ya dawo daga Miami. Ɗan ƙanwar mai kamfani ne, ya zo da takardar shaida cikin gilashi da takalmi ba safa. Ranar farko ya ɗauki wani kwali a sito, ya karanta adireshin da ke jiki da ƙarfi, da ya kai wurin “inda ƙaramar bishiya take a da” sai ya ajiye shi kamar ya taɓa mushe.

“Wannan ba adireshi ba ne,” in ji shi, “ta'aziyya ce.”

Cikin wata biyu ya haɗe komai wuri ɗaya. Littafin sito, takardun kwastan, da ƙananan littattafan direbobi masu maiƙon soyayyen cuku, duk aka zuba su cikin manhaja guda. Aka kafa allo a bangon ofis, girmansa ya kai ƙofar gareji, da taswirar gari a kai. Duk kwalin da ya shigo, inji zai tofo sitika mai zanen lamba, a liƙa ta a kan rubutun mai aikowa. Tsofaffin direbobi aka sallame su da godiya da hula mai tambarin kamfani. Aka ɗauko masu babur, kowa da waya ɗaure a gabansa, ba a neman ya san komai sai bin ɗigon da ke nuna masa wuri a taswirar wayar. Don Toribio kaɗai ya rage, mai shekara talatin da ɗaya a kan sitiyari, shi ma an mai da shi gadin ƙofa, don ya ce ba zai bi umarnin matar da ke magana cikin waya ba, ta gida ma da yaya. Layin da mutane ke bugowa su yi ƙorafi aka rufe shi. Yanzu in ka rubuto, wani saƙo ne zai amsa maka nan take, ya gode maka, ya roƙe ka taurari biyar.

Yahoska kuwa aka zaunar da ita gaban allo. Aikinta ta kalle shi, in ɗigo ya yi ja ta faɗa. Sati uku bai yi ja ba.

Ita hankalinta ma ba a nan yake ba, yana kan kunnen 'yarta. Anielka shekararta shida, kuma ba ta jin magana sosai sai da wata 'yar na'ura da ake saƙala mata a bayan kunne. Kafin Kirsimeti na'urar ta faɗa cikin bahon wanki, ta yi shiru. Mai gyaranta yana Costa Rica, inda Marbelly, yayar Yahoska, take aikin gida, can aka aika da ita. Tun daga ranar gidan ya koma na nuni da taɓa kafaɗa. Yahoska ta hana yarinyar leƙa titi, don ko mota ta yi hon ba za ta ji ba. Ga shi ranar Litinin ake ganawa da yaran da za su shiga aji ɗaya a makarantar unguwa, malama ta yi wa kowane yaro tambayoyi baki da baki. An riga an gaya mata ba ɓoye-ɓoye: yaron da bai amsa ba sai baɗi, ko kuma a kai shi wata makaranta can bayan gari, mota biyu zuwa, mota biyu dawowa. Marbelly ta aiko da na'urar a gyare ranar Talata, ta kamfanin Chocoyo, don a ganinta hannun gida ya fi.

Safiyar Juma'a Yahoska ta buga lambar saƙon a kwamfuta. Ɗigo ya fito kore shar. An miƙa jiya, ƙarfe ɗaya da minti goma, an sa hannu.

Jiya ƙarfe ɗaya mahaifiyarta tana zaune ƙarƙashin mangwaro tana tsince wake, Anielka a gefenta. Ko kare bai tsaya a ƙofar ba. Duk da haka ta buga gida ta sake tambaya, ta sha faɗa, ta kashe.

Ofis ya cika da balan-balan. Ranar ce za a ƙaddamar da manhajar, baƙi daga banki da 'yan jarida za su zo ƙarfe sha ɗaya. An kawo kek mai siffar babur. Injiniya yana tsaye gaban allo yana gwada inda zai ajiye hannunsa in za a ɗauki hoto.

“Injiniya, saƙona bai iso ba.”

Ya waiwaya ya dubi allon. “Ya iso, Yahoskita,” in ji shi, yana ƙanƙanta sunanta kamar na yarinya. “Ga shi nan kore.”

“Gidana bai iso ba.”

“To ki tambayi maƙwabta. Ko mamarki ta karɓa ta manta, kin san tsufa.”

“Mamata tana tuna kalar rigar da kuka sa ranar da kuka yi fitsari a coci kuna ɗan shekara huɗu. Ba ta karɓi komai ba.”

Ya gyara wuyan riga. “Kin ga matsalar ƙasar nan ke nan. Ga hujja a gabanki, da lokaci, da hoto, da sa hannu, amma kin fi yarda da an ce ka ce. Sati uku, kashi ɗari bisa ɗari. Ko a Miami ba a yin haka.”

“Abin kunnen 'yata ne, Injiniya. Litinin za a gwada ta a makaranta.”

“Ki rubuta ƙorafi ta manhaja.”

“Na rubuta. Ta ce in ba ta taurari.”

“To kin ba ta?”

Ta harare shi. Ya miƙo mata sabuwar riga mai tambarin kamfani, ya ce ita za ta danna maɓalli in baƙi sun taru, ta ɗan saki fuska, ba gidan makoki ba ne.

Ta koma kujerarta da rigar a cinya. Tunda ya ce akwai hoto, bari ta ga hoton. Ta buɗe: ga ɗan ƙaramin kwali a kan tebur mai jar leda, gefensa kwalbar barkono da albasa. Gidanta babu jar leda. Sa hannun kuma wani ƙugiya ne kawai, kamar an ja wutsiyar alade. Ta buɗe saƙon wani, na wata unguwa can kudu: babban kwali, jar leda, kwalbar barkono, wutsiyar alade. Ta buɗe na uku. Ta buɗe na goma. A na ashirin kwalbar ta ragu zuwa rabi, a na talatin an sake cika ta.

Ta ɗauki hoton da wayarta, ta fita bakin ƙofa. Don Toribio yana kan benci yana fifita da hular kamfani.

“Don Toribio, ku duba min wannan.”

Ya miƙar da hannu iya tsawonsa, ya ƙanƙance ido. “Kai! Ai wannan teburin Chilo ne.”

“Kun tabbata?”

“'Yata, kin ga wannan baƙin tabon a leda? Ni na yi shi da sigari, shekara tara ke nan, har yau ba ta yafe ba. Kuma duk garin nan ita kaɗai ke yanka karas a tsaye cikin barkono. Me kayan mutane ke yi a rumfar abincinta?”

“Shi nake so in sani. Kuna da mota?”

“Ina da abin da ya yi kama da mota.”

“Ƙofar fa?”

Ya miƙe yana kaɗe wando. “Allo ya tsare ta. Ba an ce yana ganin komai ba?”

Ta rataya sabuwar rigar a jikin ƙofa, suka tafi. Akori-kurar Don Toribio sai da aka tura ta sannan ta yarda. Bai tambayi kowa hanya ba: daga inda asibitin yara yake a da, layi uku wajen tafki, sai ƙamshin gawayi ya ƙarasa da su.

Rumfar kwano ce mai tebur huɗu. Bayanta kuwa kwalaye ne jibge har rufi, an lulluɓe da tamfol. Wani mai cin abinci yana zaune a kan kwalin injin wanki. Kaza tana kwance a kan wani dogo mai alamar kada a jijjiga. Doña Chilo, mace mai jiki, da rigar girki mai aljihu da yawa, tana tsaye gaban tukunyar wake da ke tafasa, tana fifita wuta da ambulan mai tambarin Chocoyo.

“Toribio! Ashe kana da rai? An ce min an ɗaure ka a ƙofa kana haushi.”

“Da in ci naman nan naki gara haushin, Chilo. Jakin wa kika yanka yau?”

“Ƙaninka. Zauna in zuba maka. Wannan 'yar fa?”

“Ina kwana, Doña,” in ji Yahoska. “Daga kamfanin nake. Kayan nan...”

“To, Allah ya kawo ku!” Doña Chilo ta ɗaga hannu sama, ta yi alamar gicciye. “Sati uku ina jiran mai hankali ɗaya daga wurinku. Zo nan, 'yar lele. Tsaya nan. A'a, nan, gefen tebur na biyu. Kin gani? Nan masu babur ɗinku ke tsayawa, wayarsu ta yi ƙara, su ce an iso. Na ce musu ni ban yi odar injin wanki ba, hannuna lafiya lau. Suka ce Doña, mu ma mun sani, amma wayar ba ta rufe aiki sai a kan ɗigo, in ba ta rufe ba ba ta ba da na gaba, a can ofis kuma a ce mu malalata ne. Ki taimaka ki sa hannu. To mutum ya zo a gajiye, ya ci shinkafa da wake da cuku, ya ce ki ja layi da yatsa a kan gilashi, ya za ki yi? Na ja.”

Yahoska ta tsaya a gefen tebur na biyu, ta dubi ƙafafunta. Nan take abin ya faɗo mata. Duk adireshin da manhajar ta nema a taswira ta rasa, ba ta cewa ban sani ba, ita ma kamar mai ita. Sai ta jefa ɗigon a inda taswira ta ce nan ne tsakiyar Managua. Managua kuwa tun girgizar ƙasa ba wanda ya san inda tsakiyarta take. Taswirar ta yi canke, canken ya faɗa kan teburin Doña Chilo. A garin da rabin adireshinsa gine-ginen da suka riga mu gidan gaskiya ne, rabin kayan gari ke nan.

“Amma ni ba ɓarauniya ba ce,” in ji Doña Chilo, tana ci gaba da aikinta. “Na gano in kika kanga sitikar nan a tururi, ɗagowa take, sai ki ga rubutun 'yan Adam a ƙasa. Sai in ware su, na wajen tafki nan, na kudu can. Direbobin bas da ke cin abinci a nan su tafi da su. Shekaranjiya ma an kai wa wata rigar aurenta, saura kwana ɗaya. Manyan na gama yawanci. Yau ranar ƙanana ce.”

Tururi. Yahoska ta juya ta kalli tukunyar. Na'urar da ruwan wanki ya kashe, wata biyu ana jiranta, ita za a kanga a bakin tukunya? Ta dubi layin ƙananan kwalaye da ke jere a gefen murhu, duk iri ɗaya, kowanne sitika ta rufe masa fuska. Sannan ta dubi hannun Doña Chilo. Marbelly ba ta yarda da salatif zagaye ɗaya ba, ko alawa za ta aiko sai ta naɗe ta kamar karyayyar ƙafa. Kwalin da ke hannun tsohuwar, wanda ta riga ta miƙa cikin farin hayaƙin tukunya, a naɗe yake kamar karyayyar ƙafa.

“Doña, ku tsaya!”

Yahoska ba ta san lokacin da ta tsallake benci ba. Ta fizge kwalin, wuyan hannunta ya gogi bakin tukunya, ba ta ma ji ba. Gefe ɗaya ya riga ya yi laushi, sitikar ta ɗago, ga rubutun yayarta a ƙasa: daga inda silimar Lucero take a da.

“Lucero!” in ji Doña Chilo tana leƙowa. “Can aka fara riƙe min hannu. Ba wannan tsohon ba, wani mai kyau.”

Yahoska ta sa haƙori ta yage salatif. Cikin kwalin akwai leda, cikin ledar akwai safa, cikin safar akwai robar man shafawa a rufe gam, cike da ɗanyar shinkafa. Ta tona da yatsa. Na'urar tana tsakiya, a bushe. Ta kunna, ta dunƙule ta a tafin hannu yadda likita ya koya mata, ta kai kusa da kunne. Wani siririn fito ya fito.

Na'urar tana aiki. Ta zauna a kan kwalin wani bawan Allah, mai hoton fanka.

“Kawo hannun da ya ƙone in shafa miki man goge baki,” in ji Doña Chilo.

“Ruwan sanyi dai, Doña, na gode.”

Tana tsoma hannu cikin kwano wayarta ta yi ƙara. Injiniya ne, muryarsa ƙasa-ƙasa, ana jin tafi a bayansa.

“Kina ina? Baƙi sun zauna, maɓalli ba mai dannawa, ƙofa a buɗe!”

“Ina tsakiyar Managua, Injiniya. Kashi ɗari bisa ɗarinku yana nan gaba ɗaya. Kaza ma ta yi ƙwai a kai.”

Ta ɗauki hoton tulin ta aika masa.

“Ina ne wurin?”

“Daga inda asibitin yara yake a da...”

“Ki turo min ɗigo, don Allah!”

“Ba sai na turo ba. Ku rubuta adireshin kakarku a manhajar, za ta kawo ku har tebur.”

Ba ta koma ofis ba. Don Toribio ya sauke ta a gindin mangwaro da ƙunshin soyayyar ayaba da Doña Chilo ta tura mata a jaka. Ta wanke hannu, ta goge bayan kunnen Anielka da busasshen ƙyalle, ta saƙala na'urar. Yarinyar ta kasa kunne, idanunta suna yawo. Kakar tana ta zuba, tana tsine wa kamfani da Miami da duk mai sa takalmi ba safa.

“Kaka,” in ji Anielka, “kin cika surutu.”

Injiniya ya je rumfar ranar Asabar. Don Toribio ne ya ba da labari: Injiniya ya zagaya tulin sau biyu, ya ci cuku, ya yi tunani. Kafin Litinin an kafa allon kwano a saman rumfar, an rubuta Cibiyar Rarraba Kaya ta Tsakiya. Ya shaida wa kawunsa cewa manhajar da kanta ta binciko wurin da ya fi dacewa a duk faɗin gari, abin da mutum zai shekara goma bai gano ba. Aka sayo wa Doña Chilo tukunya ta biyu, aka sa mata suna kayan aikin zamani. Allon ofis ya ci gaba da zama kore.

Safiyar Litinin Yahoska ta yi wa Anielka kitso biyu, ta bar kunnen a buɗe, ta sa sabon batir, ta ajiye wani a jaka. A makaranta suka bi layi har aka kira su. Malama Ligia, mai tabarau a ƙarshen hanci, ta tambayi yarinyar sunanta, ta amsa. Ta nuna mata kala uku, ta faɗa. Sai ta juya baya tana neman wani abu a durowa, ta yi tambayar ba tare da ta waiwayo ba.

“Ina ne gidanku?”

“Daga inda silimar Lucero take a da,” in ji Anielka, tana kaɗa ƙafa, “layi biyu wajen tafki, rabin layi gabas.”

“Mai mangwaro a ƙofa? Na san gidan.” Malamar ta juyo, ta yi alama a takarda. “An ɗauke ta, mamanta. Sai dai ranar buɗe makaranta ki zo da takardar shaidar ɗauka, ba a shiga sai da ita. Bana ba a hannu muke bayarwa ba, har gida za a kawo miki. Yanzu komai a haɗe yake.”

Ta jawo sabuwar kwamfuta da ko ledarta ba a gama cirewa ba, ta buga adireshin da yatsa ɗaya. Abin ya yi ta juyi yana tunani, sannan taswira ta buɗe, ɗigo ya faɗo. Yahoska ta miƙa wuya ta duba. Layi uku wajen tafki daga inda asibitin yara yake a da.

“Daidai ne?” in ji malamar.

“Daidai ne, Malama.”

Ta kama hannun 'yarta suka fito. A bakin titi ta tsaya, ta bar yarinyar ta ji hon ɗin bas da kanta ta ja baya, sannan suka tsallaka.

“Laraba za mu je cin soyayyen cuku,” ta ce mata. “Da wuri za mu fita, kafin a ɗora wake.”